Taƙaitawa: karatun 'ya mace a manyan makarantun Zariya

Jama'a, ga abin da na tsinto daga muhawarar da aka yi kan abubuwan da ke kawo wa 'ya mace cikas a karatu.

1. Kusan kowa ya yarda JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, ba ta yanke wa mace maki daban. Cikas daga gida yake farawa: kuɗi in sun yi kaɗan, namiji ake biya wa.

2. Malamin da ya nemi lalata don maki, a ajiye saƙonninsa, a kai ƙara a rubuce. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta wariyar jinsi.

3. Aure kafin digiri kuwa, nan aka rabu. Wasu sun ce a sa sharaɗin karatu tun wajen neman aure. Wasu sun ce alkawarin baka ne, zirga-zirgar zuwa Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, da goyo ke karya shi. Ni dai na fi karkata ga na biyun.