Kasuwar Kirsimeti ta Nuremberg da yara biyu: ranakun da muka zaɓa sun yi?

Maman Ilham

Assalamu alaikum jama'a. Maigida ya samu hutun ƙarshen shekara, muna son mu kai yara Jamus su ga kasuwar Kirsimetin nan ta Nuremberg da ake yawan nunawa. Mu huɗu ne, babbar shekararta 9, ƙaramin 5. Shirinmu mu tashi daga Abuja ran 22 ga Disamba da dare, mu sauka Frankfurt, mu yi mako guda a Nuremberg. Ba mu sayi tikiti ba tukuna. Ranakun sun yi? Sannan maganar abinci, na ji an ce giya da alade ne suka cika wurin. Sanyin kuma yara za su iya? Don Allah wanda ya san gari ya taimaka.

Baban Yusra

Wa alaikumus salam Hajiya. Alhamdulillahi da ba ku sayi tikitin ba, don ranakun ba su yi ba. Mutanenmu da yawa suna ɗauka kasuwar Kirsimeti a makon Kirsimeti take ci, alhali kafin Kirsimeti ake yin ta. Ta Nuremberg, wadda suke kira Christkindlesmarkt, ana buɗe ta ranar Juma'ar da ke faɗowa tsakanin 25 ga Nuwamba da 1 ga Disamba, ana rufewa 24 ga Disamba da ƙarfe 2 na rana. Sauran ranaku daga 10 na safe ne zuwa 9 na dare. In kun sauka Frankfurt safiyar 23, yamma ɗaya da rabin safiya kawai za ku samu, da gajiyar jirgi a jikinku. Bayan nan 25 da 26 ranakun hutu ne a duk ƙasar, shaguna a kulle, masu rumfuna suna kwashe katakonsu. Sai ku ƙare kuna kallon bangon otal.

In da hali a matso da tafiyar zuwa makon farko ko na biyu na Disamba, kuma a shirya ta yadda zuwanku kasuwa zai faɗo tsakanin Litinin da Alhamis. Filin Hauptmarkt, inda kasuwar ke ci, ba shi da girman da hoto yake nunawa. Rumfuna wajen 180 ne aka jera layi-layi a gaban cocin Frauenkirche, kuma mutum kusan miliyan biyu ke bi ta cikinsu a cikin makonni huɗun nan. Yammacin Asabar sai ka rantse Kantin Kwari ne ana jajibirin sallah, ba ka tafiya sai dai a tafi da kai.

Hanya kuma mai sauƙi ce. A filin jirgin Frankfurt akwai tashar jiragen ƙasa masu dogon zango, sunanta Fernbahnhof, kada ku ruɗe da ta jiragen cikin gari da ke ƙasa. Jirgin ƙasa mai gudu da ake kira ICE yana kai ku Nuremberg cikin awa biyu da 'yan kai. Tikiti iri biyu ne a manhajar DB Navigator. Mai rahusa, Sparpreis, a ɗaure yake da jirgi ɗaya tak, in jirgin sama ya makara ko layin shige da fice ya riƙe ku, kuɗin ya tafi. Saboda haka ko ku sayi Flexpreis, wanda ba a ɗaure yake da jirgi ɗaya ba, ko ku bar tazarar awa uku tsakanin saukarku da jirgin ƙasan. Yara 'yan ƙasa da shekara 15 ba sa biya in suna tare da babba, amma ita mai shekara 9 sai an sa ta a cikin tikitin tun wurin saye. Ku biya kuɗin kama kujera, don tikitin shi kaɗai ba ya ba mutum wurin zama, kuma a Disamba jiragen cike suke.

Daga babbar tashar Nuremberg ku bi titin Königstraße miƙe, ku wuce cocin Lorenzkirche, ku haye gadar kogin Pegnitz, kun iso. Tafiyar minti goma sha biyar ce da yara.

Hajiyar Gostenhof

Maman Ilham, abin da kika ji gaskiya ne, amma ba za ku kwana da yunwa ba in kin san sunayen abubuwa.

Fara da abin sha. Wannan jan abu mai tururi da kowa ke riƙe da shi a kofi shi ne Glühwein, giyar inabi ce da aka ɗumama da kirfa da kanumfari da ɓawon lemu. Za ki ji wasu na cewa ai zafi ya kore giyar. Bai kore ba. Da gangan suke hana shi tafasa don kada barasar ta tashi, kuma a doka ma sai ya kai kashi 7 cikin ɗari na barasa kafin a kira shi da wannan suna. Feuerzangenbowle da Eierpunsch su ma giya ce, ta farkon har da rum a ciki. Naku shi ne Kinderpunsch, ruwan 'ya'yan itace ne da kayan ƙamshi. Sai dai launinsu ɗaya da Glühwein, kofi iri ɗaya, rumfa ɗaya, tukwanen suna jere. Ki faɗa da ƙarfi, "Kinderpunsch, ohne Alkohol", ki kalli tukunyar da aka zuba daga ciki, ki shinshina kafin ki miƙa wa yaro. In an tambaye ki "mit Schuss?" ki ce a'a, nufinsu a ɗiga miki giya mai ƙarfi, kuma har a kan koko mai zafi suna yin wannan tambaya.

Za ki ga an caje ki fiye da farashin da ke kan allo. Ba cuta ba ce, kuɗin jinginar kofi ne, Pfand, 'yan Yuro kaɗan a kan kowane kofi. In kin mayar da kofin a ba ki kuɗinki, in kin riƙe shi ya zama naki. Wasu rumfunan suna haɗawa da ɗan kwabon roba, in ya ɓace ba za su karɓi kofin ba.

Nama kuwa ki cire rai. Ƙananan sosej ɗin da garin ya yi suna da su, waɗanda ake saka uku a cikin burodi ana kira Drei im Weckla, alade ne zalla. In kin ga an rubuta na sa ko na kaza, yawanci a kan waya ɗaya ake gasa su da na aladen, kuma ba yankanmu ba ne. Inda aka fi faɗawa tarko shi ne abincin da ba ya kama da nama: Flammkuchen, wani siririn burodi mai kirim da albasa, da gutsattsarin alade a kansa, haka Schupfnudeln da ake soyawa da kabeji. Kalmomin da za ki haddace su ne Schwein (alade), Speck da Schinken (naman alade da aka sarrafa), Schmalz (kitse, yawanci na alade) da Gelatine. Alewar roba-roba ta yara yawancinta da gelatin na alade ake yi.

Abin da za ku iya ci da yawa. Akwai Kartoffelpuffer, gurzajjen dankalin Turawa da ake soyawa fala-fala a ci da markaɗaɗɗiyar tuffa, ki dai tambayi da wane mai aka soya. Akwai naman kaza mai tsirowa a ƙasa (wato mushroom) da miyar tafarnuwa, masara, gasasshen Maroni (wani ɗan itace mai ɓawo, wato chestnut) mai ɗumama hannu, almon da aka toya cikin sukari da kirfa, waina mai laushi ta crêpe in ba a zuba mata Likör (giya mai zaƙi) ba, da burodi mai kifi. Lebkuchen kuma shi ne tsarabar garin. Ki nemi wanda aka rubuta Elisenlebkuchen, shi ne mai daraja, dole almon da dangoginsa su kai kashi 25 cikin ɗari, fulawa kuma kada ta wuce kashi 10. Farin abin da ke manne a ƙasansa ba takarda ba ce, ana ci. Ki karanta bayan kwalin, wasu ana sa musu rum. Waɗancan manyan masu siffar zuciya da ake ratayawa a wuya kwalliya ce kawai, tauri gare su.

Abinci na sosai, ku ci kafin ku fita ko bayan kun dawo. Unguwannin Gostenhof da Südstadt cike suke da gidajen abinci da mahautan Turkawa da Larabawa, da masallatai. Kilishi da dambun nama kuma kada ki ɗauko daga gida, an hana shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga waje, kwastan za su ƙwace, wani lokaci har da tara.

Saratu B.

Ni inda na ɗan saba da Baban Yusra shi ne, ko ranar Talata ce, ba a babban filin yaro ɗan shekara 5 zai more ba. Kan rumfunan ya fi shi tsawo, bayan rigunan mutane kawai zai riƙa gani. Akwai kasuwar yara daban, Kinderweihnacht, a filin Hans-Sachs-Platz, 'yan taku kaɗan a bayan Frauenkirche. Akwai lilon dawakai mai hawa biyu, ƙaramin jirgin ƙasa, da rumfunan da yara ke gasa biskit ko yin kyandir da hannunsu. Ku ba wannan awa biyu, babban filin awa ɗaya ta isa. Ta arewa kuma, wajen ginin majalisar gari, akwai kasuwar biranen da Nuremberg ke ƙawance da su, kayan ƙasashe daban-daban, kuma cunkoson da sauƙi.

Sanyin a ma'auni ba shi da ban tsoro, da rana yana yawo tsakanin sifili da digiri 4, da dare ya sauka ƙasa da sifili. Abin da ke kayar da mutane shi ne tsayuwa. Filin shimfiɗe yake da duwatsu, sanyinsu ta tafin ƙafa yake hawa, cikin rabin awa yaro ya fara kukan yatsu. Takalmi mai kaurin ƙasa wanda ruwa ba ya shiga, ya ɗan fi ƙafar girma, da safar ulu guda ɗaya mai kyau. Safa biyu a matsattsen takalmi ta fi sa sanyi, don jini ba ya zagayawa. A jiki hawa uku: ta ciki mai kama jiki wadda ba auduga ba, don auduga tana riƙe gumi ta huce a jikin yaro, sai suwaita, sai babbar riga mai tare iska. Hula mai rufe kunne da safar hannu. Ke ma Hajiya ki sa dogon wando na sanyi a ƙarƙashin abaya, kuma kada ta ja ƙasa, in ta jiƙe a ƙafarki za ta kwana. Ki taho da man kaɗanya, iskar ɗumama ɗaki tana busar da fata da leɓe. Kada kuma ki yi wa yara alƙawarin dusar ƙanƙara, sau da yawa yayyafi ne kawai.

Rana tana faɗuwa wajen 4 da minti 20. Ku isa ƙarfe 3, ku ga kaya da idon rana, fitilu su kama kuna wurin, ku fice kafin 6 lokacin da ma'aikata ke tasowa. Maigida ya lura da cewa azahar wajen 12 ne, la'asar wajen 2, magariba 4 da 'yan mintuna, duk a cikin awa huɗu, sai a tsara fitar da haka.

Tunda an ambaci cocin, ga abin da za ku gani. Kasuwar ta makonni huɗun kafin Kirsimeti da mu Kirista ke kira Advent ce, kuma tsohuwa ce, shaidar farko da aka samu a rubuce ta 1628 ce. Ranar buɗewa da 5 da rabi na yamma wata budurwa mai kambin zinariya, wadda ake zaɓa duk shekara biyu, tana jawabi daga barandar Frauenkirche. Wannan daren bai dace da yara ƙanana ba saboda matsi. Sauran ranaku ciniki ne, sai mawaƙa da 'yan makaranta a dandalin gaban cocin. A kayan tsaraba akwai mala'ikun ado da siffofin haihuwar Yesu, akwai kuma waɗanda ba ruwansu da addini, kamar 'yan mutum-mutumin busasshen plum da ake kira Zwetschgenmännle da kayan wasa na katako.

Maman Ilham

Kai, Allah ya saka da alheri, kun cece mu. Maigida ya ce zai nemi a matso masa da hutun. Saura maganar kuɗi, kuma in mun yi kwana biyar ba za mu gaji da wuri ɗaya ba? Biza fa, yaushe ya kamata mu nema?

Baban Yusra

Biza tun yanzu, Hajiya. Ana karɓar takardu tun saura wata shida a yi tafiya, kuma samun ranar ganawa ne ke cin lokaci. Kuɗin babba Yuro 90 ne, mai shekara 9 rabin haka, ɗan ƙasa da 6 kyauta. Inshorar lafiya ta rufe aƙalla Yuro 30,000, fasfo kuma ya rage masa wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga komai ba. Otal ku kama wanda ake iya sokewa kyauta, kuma da wuri, don na cikin ganuwa suna tsada su kuma ƙare.

Ku riƙe tsabar kuɗi, takardun 5 da 10 da 20 da sulalla. Ba kowace rumfa ke karɓar kati ba, mai sayar da almon kuma ba zai so takardar 100 ba. Ban ɗaki ma sai da sulalla. Jaka ta zauna a gaba, a cikin riga in da hali, don 'yan sane sun fi aiki a layin abin sha. Ku sa wa kowane yaro takarda mai lambar wayarku a aljihu, ku nuna musu Schöner Brunnen, dogon marmaron nan mai ado a kusurwar filin, a matsayin mahaɗa in an rabu. Za ku ga shingayen kankare da 'yan sanda da yawa, tun harin da aka kai kasuwar Kirsimeti ta Berlin a 2016 aka tsaurara, kuma daga ƙarshen 2024 doka ta hana shiga irin waɗannan kasuwanni da wuƙa, har 'yar ƙarama ta ɓare lemu.

Kwana biyu sun ishi Nuremberg, ku haɗa da gidan tarihin kayan wasan yara da ke kusa da filin, wurin shan ɗumi ne mai kyau. Sauran ku yi su a maƙwabta da Bayern-Ticket: tikiti ɗaya na yini, har mutum biyar, a jiragen yanki da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ba ya aiki a ICE, a ranakun aiki sai daga 9 na safe, kuma dole a rubuta sunayen matafiya a kai, in ba haka ba mai duba tikiti zai ɗauke ku kamar ba ku biya ba. Bamberg ba ta kai awa ɗaya ba, Regensburg kamar awa ɗaya. Rothenburg ta fi su kyau a hoto, amma sai an canza jirgi sau biyu, a Ansbach da Steinach, da yara ku duba lokacin jirgin dawowa tun kafin ku bar tasha. Ranar Lahadi kasuwannin suna ci amma kantuna a rufe suke, madara da burodin yara ku saye su tun Asabar, ko ku nema a babbar tashar jirgi.