Shin Gasar Farashin Data Tsakanin Kamfanonin Waya Tana Isowa Gare Mu a Zamfara?

Malamin Sakandare, Talata Mafara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina da tambaya ga 'yan'uwa da suka san harkar sadarwa, da kuma waɗanda abincinsu ya rataya a kan intanet. Tun watan Janairun 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, nake sauraron tallace-tallacensu, kowane yana cewa nasa tsarin ya fi na kowa araha. Wannan ya ce zai ninka maka abin da ka saya, wancan ya ce zai ƙara maka na dare kyauta. Amma da na jera tsare-tsarensu na wata a takarda ina kwatantawa, sai na ga tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba, kuma kusan a lokaci ɗaya duk suka ɗaga farashinsu.

A makarantarmu ni ne ke shigar da sunayen ɗalibai da makinsu a shafukan hukumomin jarrabawa, kuma sau da yawa daga aljihuna kuɗin datar ke fita, saboda haka batun ya dame ni. Idan har kamfanoni huɗu ne ke gogayya a kan kuɗinmu, me ya hana ɗaya daga cikinsu ya karya farashi sosai ya kwashe masu saye? Kuma ga mutum irina, akwai riba a sauya layi, ko kuwa duk kanwar ja ce?

Tsohon Ma'aikacin Sadarwa, Gusau

Wa alaikumus salam, Malam. Gasa ta gaskiya an yi ta a ƙasar nan, kuma duk wanda ya riƙe waya tun farko shaida ne. Lokacin da MTN da Econet, wanda yanzu ake kira Airtel, suka fara aiki a 2001, layi kaɗai dubban nairori ake sayensa, kiran minti ɗaya naira 50 ne, kuma ko sallama kawai ka yi ka kashe, kuɗin cikakken minti za a cire maka. Ana ta kuka ana cewa a riƙa lissafi da daƙiƙa, ba a yi ba, har sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, nan da nan sauran suka bi sahu. Da Etisalat ya zo a 2008 an sake ganin wani saukin. Abin lura shi ne, sau da yawa idan farashi ya faɗi warwas, sabon shiga ne ya jawo, domin shi ne ke da yunwar masu saye, kuma shi ne ba shi da abin da zai rasa. Tun daga 2008 kuwa babu wani babban kamfani da ya sake shigowa ya girgiza kasuwar. Shi kansa Etisalat bashin dala biliyan 1.2 na bankuna ya durƙusar da shi a 2017, ya koma 9mobile, kuma bai sake samun ƙarfin da yake da shi a da ba. Yau MTN ke riƙe da fiye da rabin layukan ƙasar, Airtel na da wajen kashi ɗaya bisa uku. A baki kamfanoni huɗu ne, amma a fagen kokawa ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Game da abin da ya hana wani ya karya farashi, dalili na farko shi ne doka. Dokar sadarwa ta 2003 ta ce babu kamfanin da zai fitar da farashi sai hukuma ta amince da shi, kuma hukumar tana tsoron farashin da ya yi ƙasa ainun kamar yadda take tsoron wanda ya yi sama. A ƙarshen 2016 ta so ta kafa mafi ƙarancin farashin data a kan kwabo 90 kowane megabait, da hujjar cewa manyan kamfanoni za su iya sayarwa a kan asara har sai ƙanana sun mutu, sannan su ɗaga yadda suka ga dama. Jama'a suka yi ca, Majalisar Dattawa ta sa baki, aka dakatar da shirin kafin ranar 1 ga Disamba da aka sa zai fara.

Dalili na biyu, wanda a ganina ya fi nauyi, shi ne kuɗin da suke kashewa kusan iri ɗaya ne. Yawancin turakun sadarwar da kuke gani ba na kamfanonin wayar ba ne. Haya suke yi a hannun kamfanonin turaku irin su IHS da American Tower, kuma za ka tarar da na'urorin kamfani biyu ko uku a kan turke ɗaya, janareta ɗaya na ba su wuta. Man dizal ɗaya suke sha, da dala ɗaya suke sayo kayan aiki daga waje. Da darajar naira ta zube daga watan Yunin 2023, duk tare ta buge su, har MTN, wanda ya fi kowa ƙarfi, ya bayyana asarar kimanin naira biliyan 400 a 2024. Ƙarin kashi 100 cikin 100 suka nema, aka ba su rabi. Wanda ke neman cike gurbin asara ba shi ne zai fara yaƙin karya farashi ba.

Sannan mu a nan akwai namu ƙarin nauyin. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku da ke kawo intanet, irin su Glo-1 da MainOne da suka fara aiki a 2010, a Legas suke sauka. Kafin datar ta iso Gusau sai ta bi wayar fayiba ta ɗaruruwan kilomitoci, wadda masu aikin hanya ke tsinkewa, ɓarayi ke tonewa. Na yi aikin kai mai da gyaran turaku, kuma na san abin da ake nufi da a ce direban tanka ya shiga daji da dizal a irin halin tsaron da muke ciki. Farashin giga ɗaya ne a Legas da Anka, amma kuɗin isar da shi ba ɗaya ba ne, shi ya sa kamfani ke ɗokin kafa turke na goma a birni yana jan ƙafa a kan na farko a ƙauye.

Hajiya Mai Atamfa, Ƙaura Namoda

Alhaji, Allah ya saka da alheri, mun ƙaru da wannan tarihi. Sai dai ina ganin ka tausaya musu fiye da kima. Mu ma dalar nan ta buge mu, kuɗin mota ya ninka, amma ban taɓa sayar wa mace yadi biyar na ce mata shida ba ne.

Malam, ni kasuwancina duk a WhatsApp yake: in ɗauki hoton atamfa da leshi, in ɗora bidiyo, mata su zaɓa, su turo kuɗi. Abin da na fahimta shi ne gasar tana nan, amma ta tashi daga kan farashi ta koma kan mudu. Kamar masu hatsi ne a kasuwa da suka daidaita kuɗin tiya, sai dai tiyar kowa da irin zurfinta. Za a ce maka giga goma, in ka duba da kyau wani kaso na dare ne, daga tsakar dare zuwa asuba, lokacin da mai iyali ke barci. Wani kason kuma na wata manhaja ce guda ɗaya. Garaɓasar da aka yi ta kururutawa kuwa kwananta kaɗan ne ta ƙone. Mu ƙaddara ka sayi giga goma a kan naira 5,000, ka ga kowane giga ya tashi naira 500 ke nan. Idan biyar kaɗai ka iya mora kafin wa'adi ya cika, a naira 1,000 ka sayi kowane giga, ko da tallan ya ce maka akasin haka. Da wannan lissafin nake auna kowane tsari, kuma sau da yawa wanda ya fi tsada a ido shi ke fin araha a ƙarshen wata.

Akwai kuma yaran nan dillalan data da ke saya da yawa su sayar da kaɗan-kaɗan. A da a wurinsu talaka ke samun sauƙi na sosai, amma bayan ƙarin nan ratar da ke tsakaninsu da kamfani ta ragu, ko da yake har yanzu ina saya a hannun wani yaron maƙwabtanmu saboda yana ɗaga mini ƙafa in ciniki bai faɗa ba.

Ɗalibin Tattalin Arziki, Gusau

Ina neman izinin iyayena in sa baki. Hajiya ta taɓo inda gizo ke saƙa, domin yawan tsare-tsare da kansa hanya ce ta hana mai saye kwatantawa. Hukumar ma ta gane haka, shi ya sa a 2024 ta fitar da ƙa'idar da ta umarci kamfanoni su rage yawan tsare-tsarensu, su kuma bayyana farashi da wa'adi da sharuɗɗan garaɓasa ƙarara.

Amma ina roƙon Malam kada ya yi fatan irin karyewar farashin da ba ta da birki. A Indiya kamfanin Jio ya shigo a 2016 yana raba data kyauta na tsawon watanni. Data ta yi arha ƙwarai, wannan gaskiya ne, sai dai kamfanoni da dama sun rufe, Vodafone da Idea suka haɗe a 2018 don su tsira, kasuwar ta koma hannun manya uku masu zaman kansu, daga baya kuma suka riƙa ɗaga farashi kusan a tare. Mu da muke da huɗu, biyu daga ciki na fama, in aka yi irin wannan yaƙi biyu za su rage, kuma ba a jin daɗin ciniki a kasuwar da masu kaya biyu ne kacal.

Game da sauya layi, tun watan Afrilun 2013 mutum na iya komawa wani kamfani da lambarsa ba tare da ta canja ba. Zai je ofishin kamfanin da yake son komawa da shaidarsa, a sa shi ya tura saƙo zuwa 3232. Amma mutanenmu ba su cika yin haka ba, domin waya mai layi biyu ta riga ta raba gardama: wannan na kira, wancan na data. Sannan ƙorafin da ake yi cewa data na saurin ƙarewa, wani ɓangarensa daga wayar ne. Idan sabis na 4G ya yi ƙarfi, manhajojin bidiyo da kansu suke ɗaga ingancin hoto, minti ɗaya ya ci ninkin abin da yake ci a da, ga sabunta manhajoji da waya ke yi a ɓoye. A kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, a riƙa duba saura da *323#, wanda yanzu lamba ɗaya ce a duk layuka. Wanda kuma ya kai kuka ga kamfaninsa ba a share masa hawaye ba, yana iya kiran hukumar a 622 kyauta.

Mai POS, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Bungudu

Gaisuwa ga manya. Duk wannan lissafi na mutanen birni ne. A garinmu layi ɗaya ne ke kamawa, shi ma sai ka tsaya a wajen masallacin Juma'a ta gabas, ko ka ɗaga na'urar sama kana jiran rasit ya fito, mai kuɗi na tsaye yana kallonka kamar kai ka riƙe masa. Ko ɗaya kamfanin ya ce datarsa kyauta ce, ba ta da amfani a gare ni. In wanda muke da shi ya ninka farashi gobe, biya zan yi, domin in babu sabis babu cirar kuɗi, babu turawa.

Mun ga haka da idonmu a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe sadarwa a faɗin jihar nan a zamanin Gwamna Bello Matawalle saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mutane har Funtuwa suke zuwa don su yi kira ko su tura kuɗi, kuma a cikin masu wannan tafiya babu wanda ya tambayi nawa ake sayar da giga. Tambayata ga Alhaji ita ce, me zai sa kamfani na biyu ya zo ya kafa mana turke?

Tsohon Ma'aikacin Sadarwa, Gusau

Hajiya, na karɓi gyaranki. Tsadar dizal ba hujja ba ce ta ɓoye sharaɗi a ƙasan talla da ƙananan haruffa.

Ɗana mai POS, a lissafin riba kaɗai da wuya na biyu ya zo ya gina nasa, domin yawan mutanen garinku ba zai biya kuɗin turke biyu da mai gadi da dizal ba. Abin da ya fi kusa shi ne ya hau kan wanda ke akwai. A 2025 MTN da Airtel sun sanya hannu a kan yarjejeniyar yin tarayya a kayan sadarwa a Najeriya da Yuganda, kuma a shekarar hukuma ta amince masu layin 9mobile, wanda yanzu ake kira T2, su riƙa hawa sabis na MTN a inda nasu bai kai ba. Akwai kuma asusun USPF a ƙarƙashin NCC, wanda aikinsa shi ne tallafa wa kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba. Ku haɗa kai da hakiminku da ɗan majalisarku ku rubuta a hukumance, da sunan garin da ƙiyasin jama'arsa da ranar kasuwarsa, domin takarda ta fi ƙorafin majalisar shayi isa inda ake so.

Malam, kai kuma da ke Talata Mafara kana da zaɓi, saboda haka kada ka sauya layi a kan talla. Ka sayi ƙaramin tsari na kwana ɗaya a kowane layi, ka gwada su a cikin ofishin da kake aiki, a daidai sa'o'in da kake shigar da makin ɗalibai, musamman ranar Talata da garin ke cika da 'yan kasuwa turke ya yi nauyi. Wanda ya buɗe maka shafin ba tare da yankewa ba, shi za ka saya wa tsarin wata, sannan ka nemi shugaban makaranta ya sa kuɗin a cikin kasafin jarrabawa.