Revit da takardar shaidar EDGE: makamashi ya ƙi kaiwa kashi 20

Mai_Zane:
Assalamu alaikum. Ginin ofis ne mai hawa uku a Kano, an gama zana shi a Revit, manhajar zanen gini, mai ginin kuma yana son takardar shaidar EDGE, wadda ake ba ginin da ya rage cin makamashi, ruwa da kayan gini. Bangon bulo ne inci tara, sama dakin da kwano. Da na shigar da lambobi a manhajar EDGE, ruwa da kayan gini sun haye ragin kashi 20 da ake nema, makamashi kuwa ya cije a kashi 14. Jadawalin Revit ya ba ni tagogin yamma murabba'in mita 90, bangon 225, wato kashi 40 cikin ɗari. Na kuma fitar da gbXML, fayil ɗin da ke kai bayanan gini manhajar lissafin makamashi, wasu ɗakuna sun ɓace. Ta ina zan fara?

Tsohon_Magini:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da kashi 40 ɗin nan, domin ba daidai ba ne. Faɗin bangon da Revit ke sakawa a jadawali, ya riga ya cire gurbin tagogi da ƙofofi. EDGE kuwa bangon gaba ɗaya yake so. Sai ka haɗa 225 da 90, ka sami 315, ka raba 90 da shi: kashi 28.6 ke nan. In akwai ƙofa a wannan bangon, ita ma mayar da faɗinta. Taga ba ta zuwa da nata faɗin fili a jadawali, kai za ka ƙara layin lissafi, tsawo sau faɗi, har da firam.

Duk da haka 28.6 ya yi yawa a yamma. Dokar tattalin makamashi a gine-gine da Najeriya ta fitar a 2017 ta tsayar da kashi 20, wanda ya wuce sai ya yi wa tagar inuwa. Kuma rumfar kankare da muke saba zubawa a saman taga ba ta tare ranar la'asar, don a lokacin rana ta yi ƙasa, ta ƙarƙashin rumfar take shigowa. Yamma da gabas sai ko dai a rage gilashi, ko a sa faifai a tsaye a gefen taga. Gilashi fari falle ɗaya yana barin kusan kashi 80 na zafin rana ya wuce, lambar SHGC ɗinsa wajen 0.8 ce. Nemi mai ƙasa da haka, ka karɓi takardar bayanansa daga mai sayarwa tun yanzu.

Duba kuma ko yammar taka yamma ce. Revit na da arewa biyu, ta takardar zane da ta gaskiya. Da yawa ba sa juya ta gaskiyar, sai fuskokin ginin duk su karkace. Kada ka raina bangon arewa ma. Kano na kan digiri 12 ne, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take bi da tsakar rana.

Injiniyar_Sanyi:
Baba Magini ya gama da taga. Ni dai ɗan'uwa, gbXML ɗin nan me za ka yi da shi? EDGE da hannu ake cika masa lambobi, shi yake nasa lissafin. Fayil ɗin sai in LEED ake nema, wata takardar shaidar gini ta daban, inda ake kwaikwayon makamashin ginin na shekara guda bisa ƙa'idar makamashin gini ta ASHRAE 90.1 a manhaja irin EnergyPlus ko IES VE. Wani ma ya kan rikice da sunan IFC: akwai IFC nau'in fayil na musayar samfurin gini, akwai IFC hukumar rukunin Bankin Duniya da ta ƙirƙiro EDGE. Suna ne kawai ya haɗa su.

Amma gyara ɗakunan, domin daga cikinsu za ka ɗauki faɗin ofis, koridō da banɗaki. Ɗaki yana ɓacewa ne in bai rufu ba: bango biyu ba su haɗu a kusurwa ba, ko an cire wa wani bango alamar cewa shi iyakar ɗaki ne, ko tsarin ginshiƙai yana wani fayil da aka jingino ba a kunna masa wannan alamar ba. Buɗe jadawalin ɗakuna, duk wanda bai rufu ba zai nuna kansa, ba shi da lamba a gurbin faɗi. Sai ka kunna lissafin faɗi da girman ciki tare, ka ja tsayin kowane ɗaki har ƙasan dakin ɗin sama. In ya tsaya a silin, ratar da ke tsakani sai manhajar ta ɗauke ta waje ce, ta riƙa loda wa ginin zafin da babu shi.

Inda kashi shidan da kake nema ya fi ɓuya shi ne rufi da na'urar sanyaya ɗaki. Dokar 2017 ɗin ta nemi rufi ya kai R 1.25, wato ma'aunin ƙarfin tare zafi. Abin tare zafi mai lambar wucewar zafi 0.04, kaurin milimita 50, ya ba ka wannan cif: 0.05 a raba da 0.04. Na'ura kuwa mai inbata, COP, wato yawan sanyin da take bayarwa a kan wutar da take ci, kada ya gaza 2.8, kuma a kasuwa akwai waɗanda suka haura 3. Fitilu kada su wuce wat 8 a kowane murabba'in mita na ofis, da LED abu ne mai sauƙi.

Mai_Zane:
Na gode ƙwarai. Na gyara lissafin tagar. To lambar U ta bango fa, mai auna yawan zafin da ke ratsa shi, in kwafi wadda Revit ya nuna?

Tsohon_Magini:
A'a. Revit yana ɗaukar kowane falle na bango a matsayin abu ɗaya toshe, bulonmu kuwa rami ne da haƙarƙari. In ma bangon da ka zana na gama-gari ne wanda ya zo da manhajar, babu bayanin zafi a cikinsa sam. Gina shi falle-falle: filasta milimita 15, bulo 225, filasta 15. Hakan zai gyara maka jadawalin kayan gini. Lambar U kuma lissafa ta da abin lissafin da ke cikin EDGE, ka ajiye takardar.

Odita_Abuja:
Ƙari ɗaya, Malam. Shaidar mataki biyu ce, ta zane da ta bayan gini. Odita zai zo wurin da kansa, ya nemi rasit, hotuna da takardun bayanan kaya, ya tara ruwan famfo ya ga lita nawa yake zubarwa a minti. Saboda haka kada ka tsaya a kashi 20 daidai. Ɗan kwangila ya canza gilashi ko ya kawo na'ura marar inbata don ta fi araha, shi ke nan ka faɗo ƙasa, ga gini an gama. Nemi 24 ko 25 a zane. Ka buɗe wa kowace taga, famfo, masai da na'ura gurbi a Revit na SHGC, lita da COP, su fito a jadawalin da za a liƙa cikin takardun kwangila, yadda duk wanda zai musanya kaya sai ya kawo mai lamba ɗaya ko wadda ta fi.