Golf 3 ɗina silo na hawa da sauka, ga shan mai kamar hauka

Mai Golf: Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Ina da Golf 3 wagon ƙirar 1995, inji 1.8 mai injekta guda ɗaya ɗin nan. Wata biyu kenan in na tsaya a danja sai silo ya riƙa hawa yana sauka, allura ta taɓa 1,500 ta dawo wajen 600 motar na karkarwa kamar mai zazzaɓi, wani lokacin ma ta mutu sai na riƙe totur da ƙafa. Salansa na baƙin hayaki, ga warin ɗanyen fetur. Na canza fulogi sati biyu da suka wuce, jiya na kwance sun yi baƙi ƙirin. Bakanike na ya ce birenbos ne, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, wai ko na sayi wani ko a mayar da ita kafireta kowa ya huta. In yarda?

Tsohon Direba: Wa'alaikumussalam. Alhaji kar ka yarda tukuna, birenbos ba ya saurin lalacewa haka, shi dai ake ɗora wa laifi in an rasa gano ciwo. Ka cire iya kilina, wato matatar iskar inji, ka duba robar nan mai kauri da injekta ke zaune a kanta, a Golf ɗin nan ita ce ke tsagewa in ta tsufa sai inji ya riƙa zuƙar iska ta ɓarauniyar hanya. Ka bar ta a silo ka ɗan girgiza injektan da hannu, ko ka fesa abin wanke kafireta a gindin, in ƙarar inji ta canza to ga ɓarawonka nan. Amma ka fesa kaɗan kaɗan fa, abin yana kama wuta. Ka duba tiyon da ya tafi sabo ɗin birki, wato tukunyar nan da ke sauƙaƙa taka birki, shi ma.

Ɗan Gareji: Maganar Baba haka take amma ni ban ga ta kai mu ga baƙin hayaki ba. Iska in ta yi yawa fulogi fari yake yi, ba baƙi ba. Baƙi mai ne ya yi yawa. Inji yana son iska kashi 14.7 a kan fetur kashi 1 a nauyi, to naka ya karkata ɓangaren mai. Tambaya ɗaya oga, akwai tamostat a motar, wato abin nan da ke tare ruwan lagireto har sai inji ya yi zafi? Don mutanenmu da mota ta sauka daga Kwatano abu na farko a cire shi a haɗa fanka dairek wai ƙasarmu da zafi. To injin nan sai ya kai wajen digiri 90 yake aiki daidai, in bai kai ba sansar ruwa, mai auna zafin inji, za ta yi ta gaya wa birenbos har yanzu da sanyi, shi kuma ya yi ta ƙara mai kamar an bar cok a jaye. Sansar ma a auna ta da mita, da sanyi tana ba da om 2,000 zuwa 3,000, in inji ya yi zafi ta sauko wajen 300. Sannan kar ka bari kowa ya taɓa sukurun totur ɗin nan, saitin kamfani ne.

Mai Golf: Wallahi ku biyun duk kun canka. Robar ta tsage ta baya inda ido ba ya gani, ina girgizawa motar ta mutu. Tamostat kuwa babu shi, fanka tun ana murza makulli take juyawa, ni da na ɗauka haka Golf take. Na samo duka biyun a Ƙofar Ruwa an sa, yanzu silo ya tsaya wajen 850. Sai dai har yanzu akwai ɗan warin mai da safe.

Ɗan Gareji: Madalla. Ka wanke fulogin ka hau titi da ita ta yi gudu sosai na kwana biyu. In warin bai tafi ba a auna sansar salansa, wadda ke auna iskar da ke cikin hayaƙi, ya kamata ta riƙa wasa tsakanin bolt 0.1 da 0.9, in ta maƙale wuri ɗaya to hayaƙin wata biyun nan ya toshe ta.