Garin ƙarfe yana jeruwa a gefen walda, amma ban ga tsaga ba

Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina fama da ƙarfen gindin wata tirela da muka yi wa walda a garejinmu na Tahoua. Duk lokacin da na ɗora maganaɗisun lantarki na watsa garin ƙarfe don in gano ko akwai tsaga, sai garin ya jeru a gefen waldar, layi mai faɗi mara kaifi. Na gurje wurin, na sake fesa farin fenti, na juya ƙafafun maganaɗisun a gicciye, na kuma gwada ƙarfinsa na tabbatar yana ɗaga kilo 4.5, amma layin yana nan. Raina bai kwanta in saki motar ta ɗauki albasa haka ba. Malamai, ta yaya zan bambanta tsagar gaske da layin da tudun walda ke jawowa?