Yara suna haddace littafin aji, ba sa karanta shi

Salamu alaikum malamai. Ajin yamma ne a Maiurno, wani gari a ƙasar Sudan, yara 24, muna bin littafin labari guda na boko, shafi biyu kullum. In na karanta suna maimaitawa tsaf, amma in na nuna kalma ɗaya a tsakiyar layi, shiru. Hadda ce kawai. Da safe Larabci suke yi, shi ya sa a shifta suke zubar da wasula, "takarda" ta koma "tkrd", b da d kuma sun cakuɗe, balle ɓ da ɗ. Na gwada katunan gaɓoɓi minti 10 kafin karatu, mako 3, babu canji. In ajiye littafin ne sai sun iya haɗa baƙi da wasali?