Shin ya dace in ce "I beg to differ" a madadin mutane huɗu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. A wani zaman kwamiti da ake gudanarwa da Turanci, mu huɗu ba mu gamsu da shawarar da shugaba ya kawo ba, sai aka wakilta ni in bayyana matsayinmu. Na miƙe na ce "I beg to differ", amma bayan an tashi wata abokiyar aiki ta ja ni gefe ta ce na mayar da maganar tawa ni kaɗai, kuma kalmar "beg" ta sa na zama kamar mai bara. Ina roƙon masana su warware mini wannan.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Ta yi daidai a batu na farko, domin tunda bakin mutum huɗu ka ara, "we beg to differ" ya kamata ka ce, sannan ka ambaci waɗanda ke tare da kai don kada shugaba ya ɗauka ra'ayinka ne kawai. A batu na biyu kuwa ta yi kuskure. "Beg" a nan tsohon salon neman izini ne, irin wanda ke cikin "I beg your pardon", kuma ya yi kusa da yadda muke cewa "a gafarce ni, amma ni ba haka nake gani ba". Babu ƙasƙanci a cikinsa ko kaɗan. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne ka biyo shi da hujja nan take, saboda idan ka faɗe shi ka zauna, sai ya zama gardama tsagwaronta.

Sakatariyar kwamiti: Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Zan ƙara da jan hankali kan "agree to disagree", wanda mutane da yawa ke rikita shi da "I beg to differ". Shi wannan rufe muhawara yake yi, kowa ya riƙe fahimtarsa ba tare da gaba ba. John Wesley, wani malamin addinin Kirista ɗan Ingila, ya yi amfani da shi a 1770 cikin wa'azin da ya gabatar bayan rasuwar George Whitefield, shi ma mai wa'azin Kirista, wanda suka daɗe suna saɓani da shi kan mas'alar ƙaddara. Saboda haka kada ka furta shi muddin kuna son a sake duba shawarar.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Malam, na gode, Malama. A zama na gaba zan ce "we beg to differ", in ambaci sunayen sauran ukun, sannan in karanto dalilanmu biyu da muka riga muka rubuta.